Yadda Za Ka Jona Kwamfuta da Na'urar Gem da Intanet ɗin Jami'a ta Kebul

Ɗalibin da ya saba da intanet ɗin gida yakan ɗauka cewa da zarar ya soka kebul a bango shi ke nan. A gida haka ne, domin rawutar gida, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Layin jami'a kuwa yana tambaya. Dubban na'urori ne a kansa, kuma masu kula da shi suna so su san na'urar wa ce a kowane soket, don in wata ta kwaso ƙwayar cutar kwamfuta ko aka yi ta'asa da ita su san wanda za su nema. Yawancin wahalar da ake sha a wannan haɗi daga nan take: kwamfuta tana iya gabatar da kanta da suna da kalmar sirri, na'urar gem kuwa ba ta iyawa, sai an yi mata rajista da wata lamba.

Ni dai ina ba duk mai tebur a ɗakinsa shawarar ya yi amfani da kebul. A ɗakunan kwanan ɗalibai Wi-Fi iska ɗaya ce ake rububinta, da dare ya yi kowa ya hau sai ka ga ana tafiya ana tuntuɓe. Kebul hanyarka ce kai kaɗai har zuwa na'urar rarraba layi ta ginin. Ga mai sauke manyan fayiloli wannan sauri ne. Ga mai buga gem da mutane a intanet abin ya wuce sauri, domin abin da ke kashe wasa shi ne jinkirin da ke hawa yana sauka, kuma kebul ne maganinsa.

Fara daga bango

Duba soket ɗin da kyau kafin ka sayi komai. Na intanet, wanda ake kira RJ45, yana da ƙananan haƙora 8 a ciki. Akwai wani mai kama da shi amma ya fi shi ƙanƙanta, RJ11, na wayar tarho ne, kuma a tsofaffin gine-gine sukan zo kafaɗa da kafaɗa a faranti ɗaya. A jikin farantin galibi akwai lamba ko haruffa da aka manna. Rubuta ta ka ajiye, ko ka ɗauke ta hoto. Da wannan lambar ma'aikatan sashen sadarwa suke gane wace ƙofa ce taka a na'urarsu, kuma ita ce abin da za su fara tambayarka in matsala ta taso.

Ba kowane soket ke da rai ba. Jami'o'i da yawa suna barin su a kashe sai an nemi a kunna, wasu kuma faranti mai ramuka biyu ɗaya kawai aka jona. In ka soka a na farko ba ka ga alama ba, gwada na biyu kafin ka yanke hukunci.

Kebul kuma ka nemi wanda aka rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Dukansu suna ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, kuma da wuya soket ɗin ɗakin ɗalibi ya ba ka fiye da haka, saboda haka kada ka ɓata kuɗi a kan mai lamba mafi girma. Iyakar tsawon da wannan fasaha ta yarda da shi mita 100 ne, kuma wayar da ke binne cikin bango tana cikin lissafin. Sayi wanda zai kai teburinka da ɗan rara, kada ka bi da shi ta ƙarƙashin ƙofa ko inda ƙafar kujera za ta riƙa taka shi. Idan ka tura kan kebul ɗin, sai ka ji ya yi ƙas. In ɗan harshen robar da ke riƙe shi ya karye, canja kebul ɗin, domin zai riƙa zamewa yana yanke maka layi ba ka san dalili ba.

Kwamfutocin hannu na yanzu da yawa ba su da ramin kebul. Maganinsu adafta ce mai shiga ramin USB ko USB-C. Zaɓi wadda aka rubuta gigabit a kanta. Akwai abu ɗaya game da adafta da zan dawo kansa, domin yana rikita mutane sosai.

Gano tsarin jami'arka

Kafin ka taɓa saitin komai, buɗe shafin sashen sadarwa na jami'arka a wayarka ka karanta abin da suka ce game da haɗi ta kebul. Hanyoyin da ake bi ba su wuce uku ba. Wata jami'ar da ka soka kebul ka buɗe burauza, shafi zai fito ya nemi sunanka na ɗalibi da kalmar sirri. Wata tana amfani da tsarin da ake kira 802.1X, wanda ya fito a shekarar 2001, inda soket ɗin kansa ba zai bar komai ya wuce ba sai kwamfutar ta gabatar da shaida. Ta uku ita ce rajistar lambar na'ura. Galibi ana haɗa biyu ne: suna da kalmar sirri ga kwamfutoci, rajistar lamba ga na'urorin gem da talabijin.

A nan kuma za ka ga adadin na'urorin da aka yarda mutum ɗaya ya yi wa rajista, da abubuwan da aka hana. Karanta su yanzu ya fi a rufe maka soket sannan ka karanta.

Lambar MAC, inda aka fi yin tuntuɓe

Duk wani sashe na na'ura da ke iya hawa layi yana da lambar shaida da kamfani ya ba shi tun daga masana'anta, ita ake kira adireshin MAC. Alamomi 12 ne, ana rubuta su bibbiyu da ɗigo biyu ko ɗan layi a tsakani. Shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera, shida na ƙarshe na wannan sashen ne shi kaɗai. Ba a amfani da komai a ciki sai lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Ka riƙe wannan, domin yana nufin babu harafin O a ciki, duk abin da ka gani zagayayye sifiri ne, haka nan babu harafin I sai lamba 1. Wanda ke ruɗa ido da gaske shi ne B da 8, musamman in kana karantowa daga talabijin da nisa. Ɗauki hoton allon ka kwafa daga wayarka a nutse.

Ga babban kuskuren: na'ura ɗaya tana da lambar MAC fiye da ɗaya. Ta Wi-Fi daban, ta kebul daban, kuma sau da yawa suna kama da juna, bambancin bai wuce alama ɗaya ko biyu a ƙarshe ba. Na sha ganin ɗalibi ya yi rajistar lambar Wi-Fi, ya soka kebul, ya kwana biyu yana zargin soket da kebul da jami'ar baki ɗaya, alhali layin bai taɓa jin labarin lambar da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. In ta kebul za ka hau, lambar kebul za ka bayar.

Batun adafta da na ce zan dawo kansa: lambar tana jikin adaftar ne, ba jikin kwamfutar ba. In ka yi rajista da wata adafta sannan ka ari ta abokinka, a wurin layin sabuwar na'ura ce ta zo. Haka kuma in ka ba wani aron taka, duk abin da ya yi da sunanka zai fito.

Ga inda ake ganin lambar. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /all, ka nemi sashen da aka rubuta Ethernet adapter, layin Physical Address shi ne. Kada ka ɗauko na sashen Wireless LAN. A Mac, shiga System Settings, sai Network, sai Ethernet, sai Details, sai Hardware. A Linux, umarnin ip link zai jero maka su, na kebul sunansa yakan fara da en ko eth.

A PlayStation 5, shiga Settings, Network, Connection Status, sai View Connection Status, za ka ga lambobi biyu, ɗauki wadda aka danganta da LAN Cable. A PlayStation 4 tana Settings, System, System Information. A Xbox One da Series X da Series S, bi Settings, General, Network settings, Advanced settings, ka ɗauki Wired MAC.

Nintendo Switch tana da nata hali. Mazaunin da ake ɗora ta a kai na samfurin farko, na 2017, ba shi da ramin kebul, sai an sa adafta ta USB. Samfurin OLED na 2021 da Switch 2 sun zo da ramin a jikin mazaunin. Lambar da na'urar ke nunawa a System Settings, Internet, idan ba a jona kebul ba, ta Wi-Fi ce. Ta kebul ta adaftar ce ko ta mazaunin. Ɗora na'urar a mazauninta, soka kebul, sannan ka duba. In adafta ce, hanya mafi sauƙi ita ce ka soka ta a kwamfuta ka karanta lambar da umarnin da na faɗa a sama.

Jona kwamfuta

Kashe Wi-Fi na kwamfutar tukuna. In ka bar shi a kunne za ka ga shafuka suna buɗewa ka ɗauka kebul ne ke aiki, alhali ba shi ba ne. Soka kebul, ka duba ƙananan fitilun da ke bakin ramin in akwai su. Ɗaya a kunne, ɗaya tana ƙiftawa, alamar soket ɗin yana da rai.

In tsarin shafin shiga ne, buɗe burauza ka jira ya fito, ka sa sunanka da kalmar sirri. Wani lokaci ba ya fitowa da kansa, sai ka rubuta adireshin da sashen sadarwa ya bayar da hannu.

In tsarin 802.1X ne, fara dubawa ko jami'ar tana da manhajar da ke yin saitin da kanta. In akwai, yi amfani da ita, ta fi tsaro kuma ta fi sauƙi. In babu, a Mac abin ba wuya: da ka soka kebul akwati zai fito ya nemi suna da kalmar sirri, sannan ya nuna maka takardar shaidar sabar jami'ar, wato kwamfutar da ke tantance masu shiga, ka amince.

Windows ce ke da ɗan ɓoyayyen mataki, domin sashen da ke wannan aiki ta kebul a kashe yake zuwa. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta services.msc, nemi Wired AutoConfig a jerin, buɗe shi, mayar da Startup type zuwa Automatic, ka danna Start. Sake danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan Ethernet, zaɓi Properties. Yanzu za ka ga wani shafi mai suna Authentication wanda da babu shi. Sa alama a Enable IEEE 802.1X authentication, ka zaɓi hanyar da jami'arka ta ce. Wadda aka fi amfani da ita ita ce Protected EAP tare da EAP-MSCHAP v2 a ciki. Danna Settings, sannan a ƙarƙashin Configure, cire alamar da ke cewa a yi amfani da sunan shiga Windows kai tsaye, domin kwamfutarka ta kanka ce, sunan da kake buɗe ta da shi ba shi ne na jami'a ba. A Additional Settings zaɓi User authentication. Daga nan cire kebul ka mayar, akwatin neman suna zai fito.

Akwai wata alama a wannan wurin mai cewa a tantance sabar ta hanyar duba takardar shaidarta. Za ka samu masu ce maka ka cire ta don abin ya yi sauri. Kada ka cire. Ita ce ke hana kwamfutarka miƙa kalmar sirrinka ga sabar bogi, kuma kalmar nan galibi ita ce ta imel ɗinka da shafin sakamakon jarrabawarka. Nemi sunan sabar na gaskiya a shafin sashen sadarwa ka sa shi.

A Linux mai NetworkManager, saitin yana shafin 802.1X Security na haɗin kebul, bayanan da za ka cike iri ɗaya ne.

Idan Windows ta tambaye ka wane irin layi ne wannan, zaɓi Public. Kana layi ɗaya da mutanen da ba ka sani ba, babu dalilin barin fayilolinka a buɗe gare su. Adireshin IP kuma, wato lambar da layin ke ba kowace na'ura da ta hau, ka bar shi a Automatic, kada ka rubuta da hannu, domin kana iya ɗaukar na wani ku biyu ku rasa.

Jona na'urar gem

PlayStation da Xbox da Switch ba su san 802.1X ba, kuma shafin shiga ta burauza ba ya tafiya daidai a kansu. Shi ya sa ake rajista. Daga wayarka ko kwamfutar da ta riga ta hau, shiga shafin rajistar na'urori na jami'ar, sa lambar MAC ta kebul a yadda suka ce a rubuta ta, ka ba na'urar sunan da za ka gane. Inda aka tambayi nau'in na'ura, zaɓi na'urar gem, kada ka danna duk abin da ya zo farko. Wasu jami'o'in suna ware wa na'urorin gem ɓangare na musamman mai sassaucin ƙa'ida, kuma da wannan zaɓin ne ake tura ka can.

Bayan rajista jira mintunan da suka ce. Sannan kashe na'urar gaba ɗaya. Rest Mode na PlayStation ba kashewa ba ne, barci ne. A Xbox riƙe maɓallin kunnawa na daƙiƙa 10 har ta mutu. Cire kebul, mayar, kunna. Dalilin wannan shi ne layin yana yanke shawara a kan na'ura ne a lokacin da ta fara gaisawa da soket, in bai sake ganin sabuwar gaisuwa ba zai ci gaba da ɗaukarta baƙuwa.

A PlayStation 5 shiga Settings, Network, Settings, Set Up Internet Connection, ka zaɓi haɗin kebul. A PlayStation 4 zaɓi Use a LAN Cable, sai Easy. Xbox tana gane kebul da kanta. A Switch shiga Internet Settings ka zaɓi Wired Connection, kuma ka tuna da zarar ka ɗaga ta daga mazauninta ta bar kebul. A dukansu bar IP da DNS a Automatic, kada ka sa Proxy sai in jami'ar ta ce. Daga nan yi gwajin haɗi da ke cikin saitin.

Abin da gwajin zai ce game da NAT

A ƙarshen gwajin za ka ga wani sakamako mai suna NAT da ke tayar wa 'yan gem hankali. PlayStation tana cewa Type 1 ko 2 ko 3, Xbox tana cewa Open ko Moderate ko Strict, Nintendo tana ba da harafi daga A zuwa F. Ma'anarsa ita ce, na'urori masu yawa suna fita duniya da adireshi ɗaya, kuma mai gadin ƙofar yana mayar da duk saƙon da ya zo daga waje ba tare da an nema daga ciki ba. Gem ɗin da ke da sabar kamfani a tsakiya ba ruwansa da wannan sosai, kai ne ke zuwa wurin sabar. Wanda 'yan wasa ke haɗuwa da juna kai tsaye, da kuma hirar murya, su ne ke shan wahala. Mai Strict ba ya iya haɗuwa sai da mai Open.

Type 2 da Moderate da B duk sun wadatar ga yawancin wasanni. In ka samu Type 3 ko Strict ko D, ka sani shawarwarin da za ka gani na buɗe ƙofofi a rawuta ko kunna UPnP na masu rawutar gida ne, kai ba ka da iko da ta jami'a. Abin da ke hannunka shi ne ka tabbatar an yi maka rajista a matsayin na'urar gem, sannan ka tambayi sashen sadarwa ko suna da tanadi ga masu wannan matsala.

Kada ka kawo rawutar gida

Soket ɗaya, na'ura biyu ko uku, dole zuciya ta raya maka ka kawo rawuta. Yawancin jami'o'i sun hana, kuma ina ganin suna da gaskiya. Rawutar gida an yi ta ne ta riƙa raba adireshi ga duk wanda ya nema. In ka soka kebul ɗin bango a ɗaya daga ramukan LAN nata, za ta iya fara raba wa maƙwabtanka adireshin da ba ya kai ko'ina, bene guda ya rasa intanet saboda kai. Wi-Fi nata kuma yana yi wa na jami'a hayaniya. Ko da ka jona ta daidai, ka ƙara wa kanka NAT na biyu a kan na farko, gem ɗin ya ƙara taɓarɓarewa.

Ƙaramar na'urar rarraba kebul, wadda ake kira suwic, ba ta da wannan illar, amma ita ma sai ka tambaya. An saita wasu soket su rufe kansu da zarar sun ga lambar MAC fiye da ɗaya. Kuma ko da wasa kada ka jona soket biyu na bango da kebul ɗaya, saƙonni za su yi ta zagaye har su toshe layin.

Xbox tana da wurin sa Alternate MAC address, kwamfuta ma ana iya canja mata lamba. Sanya lambar wata na'ura don a tsallake rajista saɓa ƙa'ida ne a kusan ko'ina, kuma in na'urorin biyu suka hau tare duka za su riƙa yankewa.

In abin ya ƙi

Bi shi daga ƙasa zuwa sama, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Babu fitila, kwamfuta tana cewa ba a jona kebul ba: matsalar kebul ce ko soket. Gwada kebul ɗinka a soket ɗin da aka san yana aiki, sannan kebul ɗin wani a naka, nan take za ka san mai laifi.

Fitila tana ci amma babu intanet: rubuta ipconfig ka duba adireshin da ka samu. In ya fara da 169.254, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta shi saboda ta nema ba a ba ta ba, wato ba a karɓi shaidarka ba ko rajistar ba ta kama ba. Sake duba lambar MAC alama bayan alama, ka tabbatar ta kebul ce. In ka canja kalmar sirrinka ta jami'a kwanan nan, kwamfutar tana iya ci gaba da miƙa tsohuwar. Bayan gyara, rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In kuwa adireshin ya fara da 192.168 alhali na abokan zamanka ba haka yake farawa ba, wataƙila wani ya soka rawuta a ginin, sanar da sashen sadarwa.

Yana aiki amma a hankali: duba Link speed a saitin Ethernet. In ka ga 100 maimakon 1000, ko dai iyakar soket ɗin ke nan, ko kuma kebul ɗin ya samu rauni. Gigabit yana buƙatar dukkan wayoyi 8 da ke ciki, 100 kuwa 4 sun ishe shi, shi ya sa kebul mai tsinkakkiyar waya ɗaya yakan ci gaba da aiki amma da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa.

Idan za ka kai ƙorafi, tafi da lambar soket, sunan gini da lambar ɗaki, lambar MAC, adireshin IP da ka samu, hoton saƙon kuskuren, da abin da ka riga ka gwada. Kalmar sirrinka kuwa ba ta cikin abin da za ka ba kowa, har da ma'aikacin da ke taimaka maka.

Rajistar na'ura a wurare da yawa tana ƙarewa da ƙarshen zango ko shekarar karatu, don haka in ka dawo hutu ka tarar gem ɗin ya ƙi hawa, fara duba shafin rajista. Ranar da ka sayar da na'urar ko adaftar, ko ka ba wani kyauta, shiga shafin ka goge lambarta daga sunanka.